Abokin Hamayya a Ƙetaren Raga: Kishi da Dattako a Wasan Tanis

Ranar Lahadi 8 ga Yunin 2025, ana tsakiyar hidimar Babbar Sallah, wasu 'yan tsiraru daga cikinmu a nan Garwa muka zauna gaban talabijin tun bayan azahar, ba mu tashi ba sai don salla, har aka yi magariba aka doshi lisha, muna kallon wasan ƙarshe na gasar tanis ta Rolan Garos, wadda ake bugawa a Faris a kan jar ƙasa, tsakanin Carlos Alcaraz ɗan Sifen da Jannik Sinner ɗan Italiya. Wasan ya ci awa 5 da minti 29. Sinner ya cinye set biyu na farko, wato kashi biyu cikin biyar na wasan, sannan a set na huɗu ya samu dama har sau uku a jere wadda maki ɗaya tak zai ba shi kofi, amma Alcaraz ya kuɓuce masa duka ukun, daga bisani ya juya wasan ya lashe. Abin da ya fi tsaya wa waɗanda suka saba da ƙwallon ƙafa a rai shi ne wani abu daban da suka gani a tsakiyar wannan gumurzu, wato yadda kowanne daga cikin samarin biyu ya duba sawun ƙwallo a kan jar ƙasa bayan mai kula da layi ya ce ta fita, ya kuma nuna cewa ta shiga, ya miƙa wa abokin karawarsa makin. Mutumin da ya tashi yana kallon Coton Sport a filin Rumde Ajiya, wanda ya san cewa faɗuwar ƙarya a gaban gola domin samun fenariti ana lissafa ta cikin wayo, dole ya tambayi dalilin da zai sa mai neman kofi da ɗimbin kuɗi ya ba da abin da alƙali ya riga ya ba shi.

Amsar tana farawa ne daga yadda aka gina wasan kansa. A tanis babu canjaras, kuma babu agogon da zai cece ka, domin wanda ke gaba ba zai iya riƙe ƙwallo yana cin lokaci har a busa tashi ba, sai ya ci makin ƙarshe da hannunsa. Ana tara maki a ci gem, a tara gem shida a ci set, kuma a manyan gasa huɗu na duniya, wato na Ostireliya da Rolan Garos da Wimbildon da na Amurka, namiji sai ya ci set uku, mace kuma biyu. 'Yan wasa 128 ke shiga kowace daga cikinsu, wanda ya faɗi sau ɗaya ya tattara jakarsa, mai ɗaukar kofi kuma sai ya yi nasara sau bakwai a jere cikin mako biyu. Ana jera sunaye ta yadda na ɗaya da na biyu a duniya ba za su haɗu ba sai a wasan ƙarshe, saboda haka idan mutum biyu ko uku suka yi wa sauran zarra, to su ɗin ne za su yi ta cin karo da juna shekara da shekaru, kuma kullum a ranar da kofi ke ajiye a gefen fili. Matsayin ɗan wasa a jerin duniya ya dogara ne kan makin da ya tara cikin mako 52 da suka wuce, wanda ke nufin kofin da ka ci bara bashi ne a kanka bana. Kuɗin ma ba na wasa ba ne, domin a gasar Amurka ta 2025 an ba zakaran maza da zakarar mata dala miliyan 5 kowannensu, abin da ya haura sefa biliyan biyu da rabi.

A gefe guda kuma, waɗannan mutane da ke cire wa juna tuwo a baki ɗakin sauya kaya ɗaya suke shiga, wurin cin abinci ɗaya, sau da yawa otal ɗaya da jirgi ɗaya, kusan wata goma sha ɗaya a shekara, kuma da junansu suke atisaye tun da babu wanda zai iya maido maka da irin ƙwallon da za ka fuskanta gobe sai wanda ya kai ƙarfinka. Duk wanda ya taɓa riƙe rumfa a babbar kasuwar Garwa ko ta Marwa ya san wannan zama. Maƙwabcinka atamfa iri ɗaya da taka yake sayarwa, mai ciniki ɗaya kuke kira, amma shi kake bar wa tsaron rumfa idan ka tafi masallaci, kuma idan ka cuce shi yau gobe da safe fuskarsa za ka fara gani. Hausa ma ta riga ta gano wannan, tun da ba ta ce maƙiyi kawai ba, ta ce abokin hamayya, abokin karawa, har ma abokin gaba, kamar tana tuna mana cewa babu mai yin ko ɗaya daga cikinsu shi kaɗai.

Doguwar hamayyar da ta fi kowace yawan karo ita ce ta Chris Evert 'yar Amurka da Martina Navratilova wadda aka haifa a tsohuwar Cekosulobakiya. Sun kara sau 80 tsakanin 1973 da 1988, sau 60 daga ciki a wasan ƙarshe, Navratilova ta ci 43, Evert ta ci 37, kuma kowaccensu ta yi ritaya da manyan kofuna 18 a wasan ɗaiɗai. A farkon al'amari Evert ce ke cin Navratilova yadda ta ga dama, har suna haɗa gwiwa a wasan bibbiyu, inda suka ɗauki Rolan Garos a 1975 da Wimbildon a 1976. Da Navratilova ta sauya abincinta da yadda take motsa jiki ta fara yi wa Evert cin kaca, har sau 13 a jere, sai ita ma Evert ta shiga ɗaga ƙarfe tana kusantar shekara talatin. Kowacce ta tilasta wa 'yar'uwarta zama abin da ba za ta zama ba da ita kaɗai ce a fage. Haka ya faru tsakanin Björn Borg ɗan Suwidin, wanda fuskarsa ba ta nuna komai, da John McEnroe ɗan Amurka, wanda bakinsa ba ya riƙe komai. Sau 14 kacal suka haɗu, bakwai da bakwai, amma wasan ƙarshe na Wimbildon a 1980, inda raba-gardamar set na huɗu ya kai 18 da 16, har yau ana maganarsa. Da McEnroe ya doke Borg a Wimbildon da kuma Nuyok, inda ake gasar Amurka, a 1981, Borg ya fice daga filin Nuyok kafin a raba kyaututtuka, bai sake buga wata babbar gasa ba, kuma McEnroe ya sha faɗin cewa tafiyar Borg ta rage masa armashin wasan.

Ta Roger Federer ɗan Suwizalan da Rafael Nadal ɗan Sifen ita ce wadda yawancinmu muka gani da idonmu. Sun fara haɗuwa a Mayami a 2004, Nadal yana ɗan shekara 17 ya kayar da na ɗaya a duniya, suka kuma ƙare da karo 40, Nadal 24, Federer 16. Sirrin rinjayen Nadal a fili yake ga mai lura. Shi bahago ne, kuma yana murza ƙwallo ta yadda idan ta dira sai ta yi tsalle sama da kafaɗa, yana kuma aika ta daidai ɓangaren hagun Federer, inda shi Federer ke bugun bayan-hannu da hannu ɗaya. Shekaru Federer ya yi yana shan wannan magani, har da wasan ƙarshe na Wimbildon a 2008 da ya ƙare 9 da 7 a set na biyar duhu na shigowa, da na Ostireliya a 2009 inda kuka ya ƙwace masa a gaban makirfo Nadal ya zo ya rungume wuyansa. Sai da ya sauya raket, wato abin bugun ƙwallon, zuwa mai faɗin kai, ya koyi tarar ƙwallon tun kafin ta tashi sama, sannan ya rama a wasan ƙarshe na Ostireliya a 2017 yana da shekara 35. A Fabrairun 2020 su biyun suka buga wasan tara kuɗin taimako a Kef Taun ta Afirka ta Kudu, ƙasar mahaifiyar Federer, a gaban mutum sama da dubu 51, kuma a Satumban 2022 a Landan, daren da Federer ya yi sallama da wasa, duniya ta ga su biyun zaune a benci ɗaya suna kuka riƙe da hannun juna.

Wannan hoto yana da daɗin kallo, amma ni a ganina ba a nan ake auna dattakon ɗan wasa ba. Musabaha a bakin raga, da yabon abokin karawa a jawabin karɓar kofi, da ɗaga hannu don neman afuwa idan ƙwallo ta taɓa raga ta faɗa ɗaya ɓangaren, duk al'adu ne masu kyau, sai dai ba sa cin kowa ko sisi, kuma kamfanonin da ke biyan 'yan wasa kuɗin talla suna son su. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wurin gwaji shi ne lokacin da faɗin gaskiya zai iya raba mutum da nasarar da ta riga ta shigo hannunsa.

A 1982, a wasan kusa da na ƙarshe na Rolan Garos, wani yaro ɗan Suwidin mai shekara 17, Mats Wilander, yana neman maki ɗaya ya kayar da José Luis Clerc ɗan Ajantina. Clerc ya buga, aka ce ta fita, alƙali ya sanar da cewa wasa ya ƙare har ya sauko daga kujerarsa. Wilander ya je ya same shi ya ce ƙwallon ta shiga, kuma ba ya son ya ci ta wannan hanya, a sake bugawa. Aka sake, ya ci, ya je ya doke Guillermo Vilas ya ɗauki kofin. Mu 'yan Kamaru muna da dalilin tuna wannan yaro, domin shi ne wanda Yannick Noah ya kayar a wasan ƙarshe na shekarar da ta biyo baya, 1983, ranar da mahaifinsa Zacharie Noah, tsohon ɗan ƙwallon ƙafa ɗan Kamaru, ya diro daga wurin 'yan kallo ya rungume ɗansa a tsakiyar fili. Har yau babu wani namiji mai buga wa Faransa da ya sake ɗaukar wannan kofi. Shi kansa Noah, a Yawunde Arthur Ashe, zakaran tanis ɗan Amurka, ya gan shi a 1971 yana ɗan shekara 11, ya yi masa hanya zuwa wurin horo a Faransa, wanda shi ma wani nau'in dattako ne da ba a cika lissafawa ba, wato babba ya buɗe ƙofa ga wanda wata rana zai iya zama abokin karawarsa.

Labarin Wilander ya ƙare da daɗi, shi ya sa ake son ba da shi, amma na Andy Roddick ya fi shi nauyi saboda shi ya biya farashi. A birnin Rum a 2005, Roddick ya ci set na farko a kan Fernando Verdasco, yana gaba 5 da 3 a na biyu, yana da damar kisa har uku, wato maki ɗaya ya rage masa ya gama wasan. Verdasco ya yi sabis, wato bugun da ake fara maki da shi, karo na biyu bayan ya ɓarar da na farko, mai kula da layi ya ce ta fita, wanda ke nufin wasa ya ƙare Roddick ya ci. Roddick ya dubi sawun ƙwallon a ƙasa ya nuna wa alƙali cewa ta taɓa layi. Verdasco ya samu makin, ya farfaɗo, ya cinye wasan gaba ɗaya. Mai son rage darajar abin zai ce ai ko Roddick bai yi magana ba alƙali zai sauko ya duba sawun, kuma akwai gaskiya a cikin wannan, domin jar ƙasa tana riƙe shaida. Duk da haka akwai tazara tsakanin wanda ya juya baya ya nufi raga yana miƙa hannu da fatan ba za a duba ba, da wanda ya riga alƙali magana.

Kishiyar wannan ita ce abin da ya faru tsakanin Justine Henin 'yar Beljiyam da Serena Williams a wasan kusa da na ƙarshe na Rolan Garos a 2003. A set na uku, Serena tana gaba 4 da 2, tana shirin sabis, sai Henin ta ɗaga hannu alamar ba ta shirya ba. Serena ta gani, ta buga ƙwallon cikin raga, ta nemi a ba ta damar sake bugun farko kamar yadda doka ta tanada. Alƙali bai ga hannun ba, Henin kuwa ta yi shiru. Serena ta rikice, 'yan kallo suka taso mata da ihu, ta faɗi 7 da 5, ta fita tana hawaye, Henin ta je ta ɗauki babban kofinta na farko. Babu dokar da Henin ta karya, domin babu inda aka rubuta cewa dole ɗan wasa ya ba da shaida a kan kansa, kuma bayan shekaru ita da kanta ta amsa cewa da ta yi magana da ya fi. Abin lura shi ne mutane da yawa sun manta da sakamakon wasan, amma ba su manta da hannun ba.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani fili mai faɗi inda ake ta jayayya kan abin da yake dabara da abin da yake rashin kara. A 1989 Michael Chang, yana ɗan shekara 17, jijiyoyin ƙafarsa sun ɗaure, ya yi wa Ivan Lendl sabis ta ƙasan hannu kamar mai jefa wa yaro ƙwallo, ya ruɗa shi ya ci, aka yaba masa da basira. Da Nick Kyrgios ya yi wa Nadal irin wannan a 2019, sai da yawa suka kira shi raini, alhali bugun ɗaya ne kuma doka ta halatta shi. A 2021 a Nuyok, Stefanos Tsitsipas ya shiga bayan gida ya daɗe kafin set na biyar har jikin Andy Murray ya yi sanyi, Murray ya fito fili ya ce ya daina ganin girmansa, kuma daga baya hukumar wasan maza ta taƙaita wannan hutu zuwa minti uku. Agogon daƙiƙa 25 da ake gani yanzu a gefen fili, wanda manyan gasa suka fara amfani da shi a Nuyok a 2018, shi ma an kawo shi ne saboda masu jan lokaci tsakanin maki da maki. Kusan kowace sabuwar doka a tanis tabo ce ta wani wuri da kunya ta kasa tsare mutane.

Daga nan ne za a gane cewa sunan da mutum ya yi da halin da yake nunawa a fili ba kullum suke tafiya tare ba. Federer ya karɓi kyautar dattako mai ɗauke da sunan Stefan Edberg sau 13, Nadal sau 5, Novak Djokovic ɗan Sabiya kuwa ko sau ɗaya. Amma Federer ɗin nan ya yi ƙuruciyar jifa da raket, ya farfasa ɗaya a Mayami a 2009, kuma a shekarar aka ci shi tara saboda zagi a gaban alƙali a wasan ƙarshe na Amurka. Nadal, wanda baffansa Toni ya hore shi tun yana yaro har ya gama wasansa bai taɓa fasa raket don fushi ba, shi ne kuma wanda alƙalai suka sha gargaɗi kan ɓata lokaci, kuma abokan karawarsa sun sha kokawa da hakan. Djokovic yana da nasa laifin a bayyane, ya fasa raket ba sau ɗaya ba, kuma a 2020 aka kore shi daga gasar Amurka bayan ya bugi ƙwallo cikin fushi ta sami wata mai kula da layi a maƙogwaro, ko da yake ba da niyya ba. Sai dai shi ɗin ne kuma yake tafa wa abokin karawa da raket idan ya yi bugu mai kyau, yake miƙa maki idan ya ga sawu ya shiga, kuma idan ya faɗi ba ya ƙyashin yabon wanda ya kayar da shi. Babban laifinsa a wurin 'yan kallo, a nawa fahimtar, shi ne ya zo a na uku ya tarar an riga an raba zukata gida biyu, sannan ya rinjayi duka biyun, 27 da 23 a kan Federer, 31 da 29 a kan Nadal, ya tara manyan kofuna 24 alhali Nadal na da 22, Federer 20. A wasan ƙarshe na Wimbildon a 2019, inda ya kuɓuce wa damar kisa biyu ya ci 13 da 12 a set na biyar, kusan duk filin Federer yake kira, kuma ya faɗa daga baya cewa idan suka kira Roger sai ya sa wa ransa Novak suke cewa. Sai a 2021 a Nuyok, ranar da Daniil Medvedev ke kayar da shi, jama'a suka tsaya masa, ya rufe fuska da tawul yana kuka tun wasan bai ƙare ba.

Wasan ƙarshe na mata a Nuyok a 2018 ya nuna yadda mutum ɗaya zai iya nuna fuska biyu cikin awa guda. Alƙali Carlos Ramos ya bi matakan hukunci yadda suke a rubuce: gargaɗi ga Serena saboda kocinta ya yi mata alama daga wurin zama, wanda a lokacin haramun ne, sannan cire maki saboda fasa raket, sannan cire gem sukutum bayan ta kira shi ɓarawo. Naomi Osaka, mai shekara 20, ta ci 6 da 2, 6 da 4, ta karɓi babban kofinta na farko tana kuka cikin ihun 'yan kallo. Serena ɗin da ta tayar da ƙurar ita ce kuma ta dafa kafaɗar Osaka ta roƙi jama'a su daina ihu. Shekara guda bayan haka Osaka ta kayar da Coco Gauff mai shekara 15 a fili ɗaya, ta ga yarinyar na kuka, ta jawo ta suka yi hira da ɗan jarida tare a gaban jama'a.

Mafi munin abin da hamayya ta taɓa haifarwa a tanis kuwa daga wurin 'yan kallo ya fito. Ranar 30 ga Afrilun 1993 a Hambog ta Jamus, Monica Seles, mai shekara 19, wadda ta riga ta tara manyan kofuna takwas ta kuma ture Steffi Graf daga matsayi na ɗaya, tana zaune tana hutawa tsakanin gem da gem, sai wani Bajamushe mai tsananin son Graf ya soka mata wuƙa a baya domin gwanarsa ta koma kan gaba. Kotu ta yi masa ɗaurin talala, bai zauna kurkuku bayan shari'ar ba, Seles kuma ta yi sama da shekara biyu ba ta buga wasa ba, ba ta kuma sake taka fili a Jamus ba. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa da maganarmu. An tambayi manyan 'yan wasan mata ko a ajiye wa Seles matsayinta har ta warke, suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi, in ban da Gabriela Sabatini 'yar Ajantina da ta ƙaurace. Kowaccensu ta yi mata jaje, amma matsayi kuɗi ne, kuma hawa mataki ɗaya a jeri na sauya wanda za ka haɗu da shi da abin da kamfani zai biya ka. Seles ta dawo a 1995, ta ƙara babban kofi ɗaya tak, a Ostireliya a 1996.

Ko musabahar bakin raga ma ta zama abin rigima tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022. 'Yan wasan Yukiren irin su Elina Svitolina da Marta Kostyuk suka ce ba za su gaisa da 'yan Rasha da Belarus ba. A Rolan Garos ta 2023 aka yi wa Kostyuk ihu saboda ta ƙi miƙa wa Aryna Sabalenka hannu, sannan bayan 'yan makonni a Wimbildon aka yi wa Victoria Azarenka 'yar Belarus ihu saboda ba ta je raga ba, alhali ta yi hakan ne don mutunta matsayin Svitolina. Jama'a sun yi wa ɓangarori biyu ihu kan abu ɗaya, wanda ke nuna cewa alamar suke kallo ba tare da sanin abin da ke ƙarƙashinta ba.

Yanzu kuma na'ura tana ɗauke wa 'yan wasa wannan jarrabawa kaɗan-kaɗan. Bayan kurakuran alƙalanci da aka tafka wa Serena a wasanta da Jennifer Capriati a Nuyok a 2004, an kawo Hawk-Eye, tsarin kyamarori da ke bin sawun ƙwallo, kuma gasar Amurka ta fara amfani da shi a 2006, inda ɗan wasa ke da damar ƙalubalantar hukunci. Wannan ma ya buɗe wata ƙofar kirki, kamar yadda Jack Sock ya yi a birnin Fas na Ostireliya a 2016, lokacin da aka ce sabis ɗin Lleyton Hewitt ya fita, shi kuma ya ce masa ya ƙalubalanta domin ta shiga, aka duba aka tarar haka ne. Daga baya aka cire mutanen gaba ɗaya. Gasar Ostireliya ta sallami masu kula da layi a 2021, Wimbildon ta bi sahu a 2025, kuma a wannan shekarar Rolan Garos ce kaɗai cikin manyan huɗun ta riƙe nata. Ba na cikin masu kukan wannan sauyi, domin wanda aka taɓa zalunta da hukuncin kuskure a makin da ya shekara yana nema ba zai so a bar haƙƙinsa a hannun kirkin abokin karawarsa ba. Sai dai gaskiya ne cewa inda murya daga lasifika ke yanke hukunci nan take, abin da Wilander da Roddick suka yi ba shi da wurin faruwa, kuma abin da muka gani tsakanin Sinner da Alcaraz ya yiwu ne kawai saboda a kan jar ƙasar Faris ake wasan.

Akwai dai abubuwan da kyamarar layi ba ta gani, kamar ƙwallon da ta dira sau biyu kafin a buga, ko wadda ta shafi gefen raket ta wuce, ko ƙafar da ta taɓa raga, kuma a irin waɗannan sau da yawa ɗan wasan ne kaɗai ya san gaskiya a daidai lokacin. Mako guda kafin wancan wasan ƙarshe, a zagaye na huɗu, Alcaraz yana karawa da Ben Shelton ɗan Amurka, a farkon set na biyu. Shelton ya aiko da ƙwallo can gefe, Alcaraz ya miƙe iya tsawonsa, raket ta kuɓuce daga hannunsa ta tare ƙwallon ta mayar da ita ƙetaren raga. Fili ya ɗauki tafi, aka ba shi makin. Alcaraz ya tako zuwa kujerar alƙalanci yana girgiza yatsa, ya bayyana cewa raket ɗin ba ta hannunsa lokacin da ta taɓa ƙwallon, kuma doka ba ta yarda da haka ba. Makin ya koma wa Shelton, wanda hakan ya ba shi damar cin gem ɗin da Alcaraz ke yin sabis a lokacin da wasan bai nuna inda ya dosa ba. Alcaraz ya koma bayan layi ya karɓi ƙwallo daga hannun yaron da ke tsinta, ya ci gaba da sabis, kuma ya ci wasan a set huɗu.